Wasiƙa ga ƙannena masu buga bet



Hukuncin caca kun sha jin sa a masallaci da islamiyya, ba sai na maimaita ba. Abin da nake so in nuna muku shi ne yadda kamfanin da ke cikin wayarku yake tsare kansa daga asara. Da yawanku na ɗauka ku da shi sa'a kuke gwadawa, alhali shi lissafi yake yi.

Ku ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki wajen ƙarfi. Da adalci za a bi, wanda ya sa naira 100 ya ci, 200 zai karɓa. Sai kamfanin ya rubuta 1.90 a kowane gefe. Wani ya zuba 100 a nan, wani ya zuba 100 a can: 200 ta shiga, 190 ta fita, 10 ta kwana a hannunsu, wato kashi 5 cikin 100. Kamar dillalin kara ne, ko mai sayen sa ya dace ko ya tafka asara, la'adarsa tana aljihu. Shi ya sa yawan jama'a ne jarinsu. Mutum goma za su iya girgiza su in sun taki sa'a, amma in aka kai miliyan, cin wani na biyan faɗuwar wani, kashi 5 ɗin nan kuwa yana nan daram. In kuɗi suka rinjaya gefe ɗaya, nan take kwamfuta za ta rage farashin wajen, ta ɗaga na ɗayan.

Dogon tikiti ne ya fi tayar min da hankali. Kana zaune a gidan kallon ƙwallo, tikitinka ya kai tsawon kamu, tara sun shiga, Chelsea ta yanka maka na goma, abokai suna cewa saura ƙiris. Ba ƙiris ba ne, ƙanena. Kowane wasa da ka ƙara, sun sake yankar kasonsu. In kashi 5 suke cira a kowanne, a wasa 10 abin da ke komawa hannun masu bugawa bai wuce naira 60 a kowace 100 ba. Don haka ne ake ƙara maka bonas in ka tsawaita tikiti, kuma aka ƙayyade iyakar abin da za a biya komai girman cin. Ko "cash out" da kake gani kamar rangwame, ƙasa da darajar tikitinka suke sayensa.

To, wanda ya ƙware fa? Ana bibiyar asusun kowa. Wanda aka ga yana yawan ci, sai a rage adadin da aka yarda ya zuba, ko a rufe asusun. A 2025 hukumar kula da caca ta Birtaniya ta bayyana cewa sama da kashi 4 cikin 100 na asusun masu bugawa an taƙaita su, kuma kusan rabin waɗanda aka taƙaita masu riba ne, alhali a cikin duka jama'a kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke kan riba. Mai faɗuwa kuwa, saƙon kyauta ne ke biyo shi. In ƙwallon Turai ta tafi hutu, ga ta kwamfuta da ke ƙarewa cikin 'yan mintuna, dare da rana.

A 2024 Hisbah ta rufe shagunan bet a Kano, amma shagon da ke aljihunka ba wanda zai sa masa kwaɗo sai kai. Ina roƙonka, yau da daddare ka buɗe tarihin asusunka, ka tara abin da ka tura tun farko, ka tara abin da ka cira, ka rubuta su a takarda. Sannan ka nemi a rufe asusun, ka goge manhajar. In bashi ya hau kanka, ko ka taɓa kuɗin maigidanka na shago, ka samu yayanka ko mahaifinka ka faɗa masa kafin wasannin Asabar su zo.

Wassalam,
Yayanku.