Zaɓen Manhajar Karɓar Ƙorafin Kwamfuta a Ƙaramin Ofis

A wannan maƙala zan kwatanta manhajoji uku da ma'aikatu ke amfani da su wajen rubuta ƙorafin ma'aikata idan kwamfuta ta lalace, da bin sawunsa har a gyara. Ƙaramin ofis a Obalende, cikin Legas, shi ne ma'aunina.

Ta farko ServiceNow ce ta Amurka. Don manyan ma'aikatu irin bankuna aka gina ta, ta fi ƙarfin ƙaramin ofis. Ta biyu Jira Service Management ta kamfanin Atlassian. Kyauta ce ga masu gyara uku, in sun ƙaru sai a biya kuɗin kowane mutum da dala. Ta uku GLPI, wadda aka fara a Faransa a 2003. Ita ma kyauta ce, amma ofis zai ɗora ta a kwamfutarsa, ya tanadi janareto da ƙwararren da zai kula da ita.

A ganina, kuɗin da za a riƙa biya ne abin dubawa na farko. Bayan sakin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,400 a 2024. Don haka ofis mai ƙwararre ya riƙe GLPI, wanda ba shi da shi ya fara da Jira.