Idan Masu Tuhuma Suka Rarrabu a Kan Haddi

Darasinmu na wannan mako ya shafi abin da shari'a ta tanada idan waɗanda suka ɗauko tuhumar laifin haddi, ko alƙalan da ke sauraronta, suka kasa zama baki ɗaya.

A shekara ta 17 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, mutum huɗu suka tuhumi Mugira ɗan Shu'uba, gwamnan Basra, da zina. Su ne Abu Bakrata da Nafi'u da Shiblu ɗan Ma'abad da Ziyadu. Halifa ya kirawo su Madina. Uku suka ba da shaida cikakkiya. Da aka zo kan Ziyadu sai ya ce lalle ya ga abin da bai dace ba, amma bai ga aikin kansa ba. Nan take tuhuma ta rushe, aka yi wa ukun nan bulala tamanin tamanin ta ƙazafi, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta hukunta. A lura, uku sun fi ɗaya yawa, amma yawansu bai amfane su da kome ba.

Irin wannan saɓani ya auku a ƙasarmu. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori, cikin Jihar Katsina, ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, domin ta haihu alhali kuwa bazawara ce. Mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. Babbar kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta. Sa'an nan ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke shi, alƙalai huɗu suna gefe guda, ɗaya yana gefe guda.

To, shi wannan ɗayan ba da ka ya yi magana ba. Ya riƙi iƙirarin da matar ta yi tun farko, kuma a mazhabar Imamu Malik iƙirari sau ɗaya ya wadatar, saɓanin Abu Hanifa da Ahmad ɗan Hambali waɗanda suka shardanta sau huɗu. Haka kuma Malikawa na ɗaukar ciki a matsayin hujja a kan macen da ba ta da miji. Amma sauran huɗun sun duba wasu ƙofofi a cikin mazhabar nan dai. Mai iƙirarin zina yana da damar janye maganarsa kafin a zartar da haddi. Littattafan Malikiyya kuma sun yarda ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, watau ana iya danganta ɗan ga tsohon miji. Bayan haka, alƙalin Bakori shi kaɗai ya zauna, alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mataimaka biyu, ba a kuma kawo shaidu huɗu ba. A ganina, huɗun nan sun fi kusa da hanyar Sayyidina Umar, domin ƙa'idar malamai ita ce shubuha tana tunkuɗe haddi.

Mutanen Gwandu da Kalgo ba baƙi ba ne ga wannan ilmi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano, tun jihadi bai ƙare ba, domin masu mulki da alƙalai su san iyakar ikonsu. Saboda haka ɗan sanda ko lauyan gwamnati da ya ga abokin aikinsa yana ja da baya a kan wata tuhuma, kada ya yi saurin kiransa matsoraci. Ya fara tambayarsa abin da ya gani a cikin shaidun tukuna, tun ba a kai ga gaban alƙali ba, domin tuhumar zina idan ta rushe, shari'a tana juyowa ne kan wanda ya kawo ta.