Ɓacewar Faifan Ajiya Daga Idon Kwamfuta: Dalilai da Matakan Bincike

1.0 Gabatarwa

Tun a ƙarni na 19 aka san Jega da kasuwanci, kuma har yau mahaɗa ce ta hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Bayan kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, da kuma mayar da jarrabawar JAMB kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, wannan na'ura ta shiga harkokin jama'ar yankin sosai. A cikinta ɗalibi ke ajiye kundin bincikensa, a cikinta mai shagon buga takardu a Sabon Garin Jega ko Maiyama ke riƙe ayyukan mutane. Saboda haka ranar da aka kunna ta, ta ƙi nuna ma'ajiyarta, wahalar shekara guda kan tsaya a kan siraɗi. Wannan ɗan nazari zai duba dalilan matsalar da matakan gano ta.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Faifan ajiya shi ne rumbun kwamfuta, wato inda bayanai ke zama ko an kashe wuta. Iri biyu ne. Na farko yana da faya-fayai a ciki masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura mai karanta su. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956, a lokacin bai ɗaukar abin da ya wuce kimanin megabait 5. Na biyu shi ne SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Uwar manhaja kuwa ita ce mai tafiyar da na'urar duka, kamar Windows ko Linux.

Kafin uwar manhaja ta nuna faifai, sai ya wuce ƙofofi uku: ya sami wuta da waya, sannan BIOS ya shaida shi, daga nan uwar manhaja ta fahimci tsarin da ke kansa. Aikin mai bincike shi ne ya gano a wace ƙofa aka tsaya. Masu ɗorin Aliero ba su ɗaure ƙafa sai sun laluba sun san inda ƙashi ya karye. Haka ya kamata mai gyaran kwamfuta ya yi.

3.0 Ƙofar Farko: Wuta da Waya

Faifan SATA na kwamfutar tebur yana da wayoyi biyu, ƙarama mai haƙora 7 ta bayanai, da babba mai haƙora 15 ta wuta. Sai a kashe na'ura, a zare ta daga soket, a cire wayoyin a kakkaɓe, a mayar da su sosai. A wannan yanki ƙurar hunturu da jijjigar babur sukan sassauta su. In ba a dace ba, a canza waya, sannan a canza rami a jikin babban allo. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, don a san wanda ya yi magani.

Faifan da ake jonawa ta USB yana da tasa matsalar. Ramin USB 2.0 ba ya ba da wutar da ta wuce miliamfiya 500, na 3.0 kuwa yakan ba da 900. Don haka faifai kan haska fitilarsa amma ya kasa juyawa. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12 bayan bolt 5, shi ya sa ba ya tashi sai da wutar kansa. Sau da yawa ma kwanson da aka sa faifan ciki ne ya mutu, shi faifan lafiyarsa lau.

Kunne ma yana da aiki a nan. Gunji mai laushi alama ce ta faifai yana juyawa. Shiru na nufin wuta ba ta isa ba, ko allonsa ya ƙone, abin da yakan biyo bayan dawowar wuta da ƙarfi ko hawa da saukar janareta. In kuwa aka ji ƙas-ƙas a kai a kai, to allurar ce ta sami matsala, sai a kashe nan take, domin kowane juyi na iya ƙara kankare bayanai. Wannan gwaji bai shafi SSD ba, tun da shi ba ya ƙara.

4.0 Ƙofa ta Biyu: BIOS

BIOS, ko magajinsa UEFI, ƙaramar manhaja ce da ke cikin babban allo, wadda ke ƙidaya kayan na'ura kafin uwar manhaja ta tashi. Ana shiga ta ne da danna F2 ko F10 ko Del da zarar an kunna. In sunan faifai ya bayyana a jerinta, an tsallake rabin haɗari, domin jikinsa na amsawa. In bai bayyana ba, a duba ko an rufe raminsa a cikin saiti. Haka kuma ramin M.2 iri-iri ne: wani na karɓar SSD na SATA kawai, wani na NVMe kawai, ga shi kuwa suna kama da juna a ido. A wasu alluna ma, sa faifai a ramin M.2 yakan kashe ɗaya daga ramukan SATA. Idan duk wannan bai warware ba, a kai faifan wata kwamfuta. In can ma bai fito ba, laifin nasa ne.

5.0 Ƙofa ta Uku: Uwar Manhaja

A nan ne aka fi yin asara, kuma mafi yawanta hannun mutum ke jawo ta. A Windows 10 da 11, sai a danna maɓallin dama na linzami a kan alamar Start, a zaɓi Disk Management. Wannan shafi yana nuna duk faifan da na'ura ta gani, har wanda bai fito a jerin yau da kullum ba. Abin da aka tarar yakan zama ɗaya daga cikin huɗu.

(a) Faifai lafiyayye marar harafi. Windows tana kiran kowane kaso da harafi, kamar C ko D ko E. In kaso bai sami harafi ba, ba zai fito ba, kamar gida ne da ba a yi masa ƙofa ba. Da an ba shi harafi sai komai ya bayyana. Haka nan wanda aka rubuta wa Offline, mayar da shi Online kawai yake buƙata.

(b) Faifan da ba a tsara ba, inda za a ga Not Initialized ko Unallocated. In sabo ne dal, sai a tsara shi a yanka masa kaso. Tsohon tsarin MBR ba ya amfani da abin da ya haura kimanin terabait 2, saboda haka babban faifai GPT ya dace da shi. Amma in tsohon faifai ne mai kaya, wannan alama na nufin jadawalin da ke bayyana iyakokin kason ne ya lalace. Tsabar tana cikin rumbu, takardar lissafi ce ta ɓace. Kada a tsara shi.

(c) Faifan da aka rubuta wa RAW, ko wanda Windows ke neman a yi masa fomat. Wannan kan faru in an fizge faifai yana cikin rubutu, ko wuta ta ɗauke. Amsa wannan tayi daidai yake da ƙona rumbu don an rasa makulli.

(d) Faifai mai baƙon harshe. Windows tana karanta NTFS da FAT32 da exFAT, amma ba ta jin ext4 na Linux ko APFS na kwamfutocin Apple. Irin wannan faifai ba shi da ciwon komai, sai dai a mayar da shi inda ake jin harshensa.

Akwai kuma matsalar direba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin faifai da uwar manhaja. Alal misali, Windows 7 ba ta zo da direban NVMe ba, kuma a wasu sababbin kwamfutoci masu Intel, mai ɗora Windows ba zai ga faifai ba sai ya loda direban RST.

6.0 Ceto Bayanai

Ƙa'ida ita ce a ceci kaya kafin a gyara rumbu. Ba a rubuta komai a kan faifan da ake son ceto. Manhajar TestDisk, wadda kyauta ce, tana iya gano kason da ya ɓace, 'yar'uwarta PhotoRec kuma tana tsinto fayiloli ɗaya bayan ɗaya, a zuba su a wani faifai dabam. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanta rahoton lafiyar da faifai ke rubutawa game da kansa. In ta nuna rauni, a kwafe shi gaba ɗaya, a yi aiki a kan kwafin. Kada a kuskura a buɗe cikin faifai a shago, domin tazarar allura da faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rashin ganin faifai ba shi ne mutuwarsa ba, kuma bincike na tafiya ne daga waya zuwa BIOS zuwa uwar manhaja, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sai dai kowane faifai yana da ranarsa, balle a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40. Manomin albasa ba ya zuba amfanin shekara a rumbu ɗaya in yana da hali. Ɗalibi ma ya kamata ya riƙe kundinsa a wuri uku: a kwamfuta, a wani faifai dabam, da kuma a intanet ko da ta hanyar aika wa kansa imel ne. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.