Yadda ake raba filatinam ƙwaya-ƙwaya da taimakon ƙanƙara

Filatinam ƙarfe ne mai tsadar gaske, kuma akasarinsa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Masana'antu na amfani da shi wajen hanzarta haɗuwar sinadarai, amma in yana dunƙule, ƙwayoyin zarra na bayan dunƙulen kaɗai ke aiki, na ciki zaman banza suke yi. Shi ya sa tun 2011, lokacin da Zhang Tao na cibiyar bincike ta Dalian da abokan aikinsa suka zaunar da filatinam ƙwaya ɗaya-ɗaya a kan tsatsar ƙarfe, masana suka duƙufa neman hanya mai sauƙi. Wadda ta fi burge ni ita ce ta ƙanƙara, da masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta Beijing suka bayyana a 2017.

Da farko a narkar da sinadarin filatinam mai haɗe da kulorin a ruwa mai tsabta, a tsinka shi sosai. Sai a daskarar da ruwan nan take da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri.

A nan dabarar take. In aka haska fitilar ultrabayolet a kan ruwan yana ruwa, ƙwayoyin filatinam da suka saku daga kulorin za su yi ta yawo, su ci karo da juna, su cure kamar garin tuwon da ba a tuƙa da kyau ba. A cikin ƙanƙara kuwa kowace ƙwaya a tsare take inda sanyi ya kama ta. Haske zai raba ta da kulorin, amma ba ta da halin matsawa kusa da 'yar'uwarta. Don haka dole ƙanƙarar ta ci gaba da zama daskararriya muddin fitila na kunne.

Bayan an kashe fitila, a bar ƙanƙarar ta narke, a gauraya ruwan da garin gawayi mai ƙananan ramuka domin ƙwayoyin su maƙale a jikinsa, sannan a tace, a busar.

Babu tanderu mai zafin ɗaruruwan digiri, babu sinadari mai guba na sauke ƙarfe. Sai dai kada a cika baki: samar da ruwan naitirojin na cin lantarki, fitilar ma haka.

Ido ba ya iya shaidar ko aikin ya yi. Sai an sa garin a madubin ilektiron mai ƙarfi, inda kowace ƙwayar filatinam ke fitowa ɗigon haske ita kaɗai, kafin a gwada shi wajen ciro iskar haidirojin daga ruwa.