Yadda Ake Kiɗan Girka a Ƙasar Gobir

A Nepal akwai kwanukan tagulla da ake zagaya bakinsu da guntun itace har su ɗauki amo, Turawa kuma na biyan kuɗi su kwanta a kaɗa musu don zuciya ta yi sanyi. Mu a Gobir, daga Kurawa zuwa Sabon Birni da Isa, har a ƙetara iyaka zuwa Tsibiri, ƙwarya da goge ne ke wannan aiki. Sai dai namu kiɗan tambaya yake yi: wa ya kama wannan baiwar Allah, kuma me yake so?

Abin ya daɗe. Tun kafin Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi a 1808 akwai sarautar Inna, wadda ake naɗawa daga gidan sarauta, 'yan bori duk suna ƙarƙashinta. Malamai sun yaƙi al'adar tun zamanin Shehu Usmanu, har gobe suna wa'azi a kanta. Ni dai abin da na gani ina yaro, da aka yi wa gwaggona girka, shi zan faɗa.

Ba da kiɗa ake farawa ba. Sai ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an sha rubutu, an je asibiti, sannan a kai marar lafiya wurin uwar girka. Ita za ta dube ta, ta tambayi mafarkanta, ta lissafa kayan da za a kawo: sabuwar tabarma, sabuwar tukunya, ƙwarya, turare, kaji masu launin da ta zaɓa, wani lokaci har da akuya. Daga nan a keɓe ta a ɗaki, yawanci kwana bakwai, ana ba ta jiƙon saiwoyi da sassaƙe, ana yi mata wanka da hayaƙi. Shi ya sa aka ce girka, kamar tukunyar da aka ɗora a murhu.

Kafin dare na ƙarshe, wanda ake kira kwanan zaune, makaɗa sun shirya kayansu. Ba kowace ƙwarya ke kiɗa ba. Ana neman wadda ta bushe ƙayau, mai kauri daidai, ba tsaga. A ƙwanƙwasa ta da farce a kusa da kunne. In ta amsa da ƙara mai tsawo, ta yi. Ɗinkakkiyar ƙwarya ta yi awon gero, amma amonta ya mutu. Ana kife ta a ƙasa bisa tsumma, a doke ta da siraran sanduna biyu. Mata kuwa sukan cika masaki da ruwa su kife ƙaramar ƙwarya a kai tana iyo. Wannan kiɗan ruwa ba ya ihu, a ƙirji ake jin sa, kamar ana daka a gida na uku.

Gogen kuma ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa izgar doki, bakansa ma izga. Mai goge zai kanga fatar a gefen wuta ta ɗame, ya gyara zaman jakin da ke tallafe tsirkiya, ya goga ƙaro a izga har ta fara kamawa. Inda ba goge, garaya mai tsirkiya biyu ce ke ja, masu buta na kaɗa mata.

Bayan isha'i a fito da marar lafiya, a zaunar da ita tsakiyar fage lulluɓe da zane. A nan gwanintar take. Kowane iska na Jangare, birnin iskoki, yana da takensa da kirarinsa, sai mai goge ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, daga manya zuwa ƙanana, idonsa a kan yatsun ƙafarta da kafaɗunta. In ya ja take bai ga motsi ba, ya wuce. In ya ga babban yatsa ya fara rawa, ko ta yi hamma mai tsawo, ko gumi ya keto, to ya tsaya nan. Ya matso har gogen ya kusa taɓa kunnenta, ya maimaita gaɓa guda, masu ƙwarya su ƙara wuta, har jikin ya ɗauka.

Tsofaffin dawaki da goɗiyoyi, wato 'yan bori maza da mata, su ma sukan hau don su nuna mata hanya, kuma ba sai an gaya maka wanda ya zo ba. Malam Alhaji da tari da jan tasbaha yake zuwa. Kuturu ya dunƙule yatsu yana korar ƙuda. Ɗan Galadima ya zauna zaman 'yan sarki yana kyauta. Sarkin Rafi ya yi tsalle ya faɗo da mazaunai, ƙasa ta amsa.

Sai a sassauta kiɗa, uwar girka ta durƙusa: "Ranka shi daɗe, mi kaka so ga ɗiyag ga?" Ya faɗi buƙatarsa, zane mai launi kaza, yanka duk shekara, ko ta bar cin wani abu. A ɗauki alkawari. Ba korar sa ake yi ba, sulhu ake yi da shi.

Zazzaɓin cizon sauro da farfaɗiya da hawan jini na asibiti ne, na kuma san waɗanda jinkiri ya cutar. Amma gwaggona wata biyar ta yi ba ta magana bayan rasuwar jaririnta, kuma a daren nan unguwa guda ta hana idonta barci saboda ita. Yau irin wannan zama ya yi wuya. Tun da 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa, wa zai tayar da kiɗa da tsakar dare? Mutanenmu da yawa ma suna gudun hijira a wajen Gidan Runji.

A daren kwanan zaune dai, wajen asuba ake sallamar iska. Mai goge ya ja a hankali, uwar girka ta dafa bayanta, ta yi atishawa, shi ke nan ya sauka. A yi mata wanka, a ba ta kayan tserenta, wato kayan iskanta, ta adana. Gwaggo ta ɗago kai ta dubi kakata ta ce, "Inna, ina jin yunwa." A sabuwar ƙwaryar nan aka dama mata fura.