Tafarnuwar ƙasar sanyi a lambun Kuje: me ya sa ba ta ɗaura kai?

Ƙorafin da masu ƙaramin lambu a Kuje ke yawan yi ke nan. Mutum ya samo tafarnuwa mai manyan ƙwayoyi, mai jan ratsi a ɓawo, daga wani babban kanti a Abuja ko daga hannun ɗan'uwa da ya dawo daga Turai. Ya shuka, ganye ya fito kore shar, ya yi wata huɗu yana ban ruwa. Ranar tono sai ya tarar da ƙwaya ɗaya tal, mulmulalla kamar ƙaramar albasa, babu 'ya'ya.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan taki ko ƙasa. Ba nan gizo ke saƙar ba.

Tafarnuwa gida biyu ce. Akwai mai laushin wuya, wadda ake iya kitse ganyenta, akwai kuma mai sanda, wadda idan aka ɓare dunƙulenta za a ga wani tsinke mai tauri a tsakiya, 'ya'ya huɗu zuwa goma sha biyu sun kewaye shi. Ita mai sandar 'yar ƙasar sanyi ce. A Kanada da Rasha da Poland ana binne ta wajen Oktoba, ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a tone ta a Yuli. Sanyin nan ne ke sa ƙwayar ta rabu ta yi 'ya'ya: tana bukatar mako 6 zuwa 8 a ƙasa da digiri 10. Bayan haka tana son doguwar rana kafin ta kumbura. Kuje kuwa tana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, inda yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara, kuma hunturunta gajere ne, bai kai na Sakkwato ko Kano cizo ba, balle na Jos.

Wanda ya nace sai mai sandar, to firji zai yi masa aikin hunturu. A zuba dunƙulen cikin takarda ko buhu mai shan iska, a sa a ɓangaren kayan miya tun farkon Satumba, ba a ɓangaren ƙanƙara ba. Leda a rufe tana kawo ruɓa. Matsalar wuta ma abin lura ce, domin firjin da ke yini a kashe bai cika alkawari ba.

Da damina ta ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, sai a ɓare a zaɓi manyan 'ya'ya. A tada kunya da ruɓaɓɓen takin gargajiya, a dasa kowace ƙwaya tsininta sama, zurfin santimita 3 zuwa 5, tazarar kamar taƙi ɗaya. A lulluɓe da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe sanyi. Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ya kwanta. Makara ita ce babbar asara, domin zafin Maris yana tsayar da girman dunƙule. Idan ganyen ƙasa ya fara bushewa, a janye ruwa mako biyu, a tone, a shanya a inuwa.

Duk da wannan wahala, dunƙulen ba zai kai na ƙasarsa girma ba. Manomin da ke neman na cefane gara ya nemi iri daga 'yan noman rani na Sakkwato ko Kano. Ƙwayarsu ƙarama ce, ɓarewa da cin rai, amma ta saba da ranar nan, kuma matan gida sun san ta fi farar ta China yaji.

Inda mai sanda ta yi zarra shi ne tukunya. Idan ta ji sanyi sosai takan fito da wani koren tsinke mai lanƙwasa. A yanke shi da zarar ya naɗe, don ƙarfi ya koma ƙasa, a yayyanka shi kamar lawashi a wainar ƙwai ko a miyar alayyafo. Ƙwayar kuma a daka ta a turmi, a bar ta minti goma kafin ta shiga wuta, domin dakan ne ke tada sinadarin da ke ba ta ƙamshi. Kada a jefa ta cikin mai mai ƙuna, nan take take yin ɗaci. Albasa ta fara risina tukuna.

Mai sanda ba ta jure ajiya kamar mai laushin wuya, kuma da ruwan Afrilu ya sauka a Kuje sai ta fara tsiro ko fumfuna. Abin da ba a ci ba kafin lokacin a yanyanka shi, a busar, a daka da citta da barkono da masoro a zuba a kwalbar yaji.