Kunnen Mawaƙi

'Yan'uwa, mu lura da kalman nan "kuka". In murya ta tsaya sama, na hawaye ne. In ta sauka a ƙarshe, itace ne. Da karin murya Hausa take tafiya, shi ya sa kalangu ya kan yi magana. Mai koyon waƙa kuwa, kunnensa ya kan saba da hawa da saukan nan. A 2009 masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka suka iske makaɗa sun fi saura gane magana cikin hayaniya.

Amma waƙa ba ta gyara kunnen da ƙarar inji ta kashe. Mu da ke fita daga Zawaciki zuwa masana'antun Challawa, Sharaɗa da Bompai, sai mu riƙa sa abin toshe kunne kusa da inji. 'Ya'yanmu kuma, mu koya masu waƙa tun suna ƙanana.